Tambayi Likita: Daga Madubin Ɗakin Gwaji Zuwa Ƙofar Sashen Gaggawa

Wasiƙu huɗu muka ɗauka a wannan fitowa, kuma ko da yake masu su ba su san juna ba, amsoshin uku daga cikinsu a kan jini da hanyoyin da yake bi suka tsaya, ta huɗu kuma a kan karatun likita. An taƙaita wasiƙun, an kuma sakaye sunayen waɗanda suka aiko da su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni 'yar Ƙofar Marusa ce a Katsina, ina aji biyu a karatun likita. Darasin histoloji, wato nazarin naman jiki da madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ya zame mini ƙarfen ƙafa. Duk gilashin da aka sa mini a ƙarƙashin madubi, ja-ja da shuɗi-shuɗi kawai nake gani, ban iya raba hanta da ƙoda. Burina shi ne in yi aiki a sashen gaggawa, inda ake ceton rai da hannu. Wasu na gaba da mu sun ce in haddace hotunan in ci jarrabawa in wuce wurin, wai babu mai waiwayar darasin bayan aji uku. Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Shawarar da aka ba ki ta daɗe tana yawo a tsakanin ɗalibai, kuma ina roƙonki kada ki ɗauke ta, domin burin da kika ambata shi ne ya fi kowane buƙatar wannan darasi.

Kalmar histoloji daga Girkanci take, kuma tushenta yana nufin saƙa. Jikin ɗan Adam, duk yawan gaɓoɓinsa, da zare iri huɗu aka saƙa shi: akwai shimfiɗar da ke lulluɓe fata da cikin hanji da cikin hanyoyin jini, akwai abin haɗi da ke riƙe sassan jiki, wanda ƙashi da guringuntsi da kitse, har da jini kansa, suke cikin danginsa, akwai tsoka, akwai kuma zaren laka mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki. Hanta da ƙoda da huhu duk daga waɗannan huɗun suka fito, tsarin saƙar ne ya bambanta. Launukan da suke ruɗa ki kuwa ba na jiki ba ne, rini ne. Ana jiƙa ɗan naman a fomalin don kada ya ruɓe, a janye ruwan da ke cikinsa, a dasa shi cikin kaki, sannan a yanka shi da kaurin da bai wuce kashi 5 cikin 1000 na milimita ba. Yankan da ya kai wannan siranta ba shi da launi, shi ya sa ake tsoma shi a rini biyu: hematoksilin yana kama cibiyar ƙwayar halitta ya mayar da ita shuɗiya, iyosin kuma yana kama sauran jikinta da zaruruwan da ke kewaye ya mayar da su ja mai haske. Idan kin ga wuri ya cika da ɗigo-ɗigon shuɗi, ƙwayoyin halitta ne suka yi cincirindo. Idan kin ga ja ya miƙe a jere, tsoka ce ko zaren haɗi.

Bari in ba ki tarihin da nake so kowane ɗalibi ya sani kafin ya raina madubi. Shekaru fiye da 1000 likitoci suna bin maganar Jalinus, likitan Girkawa na dā, cewa hanta ce take ƙera jini daga abinci, jiki ya shanye shi, kuma jini yana ratsa wasu ƙofofi da ido ba ya gani a bangon da ya raba zuciya biyu. Ibnun Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙ ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ne ya rubuta a sharhin da ya yi wa littafin Ibnu Sina cewa bangon nan ba shi da ƙofa, jini ta huhu yake bi ya gauraya da iska kafin ya koma ɓangaren hagu. A 1628 William Harvey na Ingila ya yi lissafi ya ga jinin da zuciya ke turawa cikin rabin awa ya zarce duk jinin da ke jikin mutum, saboda haka dole jini ɗaya ne yake fita yana dawowa. Amma har ya rasu a 1657 bai ga mahaɗar da ke tsakanin hanyoyin fita da na dawowa ba. Sai a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya sa huhun kwaɗo a ƙarƙashin madubi ya ga 'yan mitsi-mitsin hanyoyin da suka haɗa su. Da irin madubin da ke gabanki, mai rauni ƙwarai idan aka kwatanta da naki, aka kammala fahimtar kewayawar jini.

Hausa ta tara hanyar jini da agara da zaren laka duk a kalmar jijiya, kuma wannan yana ba mu wahala wajen yi wa marasa lafiya bayani. A nan hanyar jini nake nufi. Bangon jijiyar jini hawa uku ne: shimfiɗa mai santsi a ciki, tsoka da zare mai talewa a tsakiya, riga mai ƙarfi a waje. Babbar jijiyar da ta fito daga zuciya cike take da zare mai talewa, tana buɗewa idan zuciya ta harba, tana komawa idan ta saki, shi ya sa jini ba ya yankewa tsakanin bugu da bugu. Ƙananan rassanta tsoka ce ta fi yawa a jikinsu, suna iya matsewa su hana jini shiga wani sashe na jiki. Jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya kuwa bangonsu siriri ne, cikinsu yalwatacce, suna da 'yan marafai masu hana jini komawa baya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na jinin mutum a cikinsu yake a kowane lokaci. Na ƙarshe su ne waɗanda Malpighi ya gani, waɗanda bangonsu ƙwayar halitta ɗaya tak ce, kuma ta nan ne kaɗai oksijin da abinci suke fita su isa nama.

Ranar da za a shigo miki da saurayi daga hatsarin babur, hannunsa da sanyi, yana gumi, leɓɓansa sun yi fari, bugun jijiyarsa yana sauri amma awon hawan jininsa lafiya lau, abin da zai hana ki cewa ya zauna a benci ya jira shi ne gilashin nan na ƙaramar jijiya mai zoben tsoka. Za ki tuna cewa tsokar ce ta matse a fata da hanji da ƙoda don a tanadar wa ƙwaƙwalwa da zuciya ɗan jinin da ya rage, kuma saurayi mai ƙarfi yana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa kafin awo ya faɗi. Haka nan yaro mai sikila da ake kawowa cikin hunturu yana kuka da ƙashi. Faɗin jar ƙwayar jini kamar kashi 7 zuwa 8 cikin 1000 na milimita ne, wasu daga ƙananan hanyoyin ma ba su kai haka ba, sai ta lanƙwashe ta wuce. Ta mai sikila idan ta rasa oksijin takan sandare ta zama kamar lauje, ta tokare hanya, naman da ke gaba ya rasa jini. Wanda ya ga wannan da idonsa a madubi ba ya buƙatar haddace dalilin da ya sa ake ba yaron ruwa, a ɗumama shi, a gaggauta kashe masa zafin ciwo, a nemi zazzaɓin da ya tayar da abin.

Game da yadda za ki yi karatun, ki fara kowane gilashi da ƙaramin ido na madubi, ki ga fasalin abin gaba ɗaya kafin ki matso. Ki tambayi kanki aikin da gaɓar take yi a jiki, sannan ki nemi abin da ke yin aikin: ƙoda tacewa take yi, don haka ki nemi dunƙule-dunƙulen matata da bututu, hanta jere take da ƙwayoyi da suka nufi jijiya ɗaya a tsakiya. Ki zana abin da kika gani da fensir ja da shuɗi, ko da zanen bai yi kyau ba, domin hannu yana tilasta wa ido ya tsaya. Kada ki gane gilashi da tsagewar gefensa ko da duhun rininsa, saboda a jarrabawar da ake kaɗa ƙararrawa kina tashi daga madubi zuwa madubi wani yankan za a sa miki. A aji huɗu kuma, idan aka shiga ilimin cututtuka, ba za ki gane naman da cutar daji ta ɓata ba sai kin san kamannin lafiyayye.

Tambaya: Likita, Allah ya ƙara lafiya. Ni direban motar haya ne tsakanin Katsina da Daura. Kwanakin baya na tarar da hatsari bayan an wuce Mashi, wani ɗan acaɓa kwance male-male cikin jini, cinyarsa ta tsage jini yana tsartuwa. Jama'a sun taru, wani ya zuba ƙasa a kan ciwon, wani ya ɗaure da igiyar roba, yana ta neman ruwa muka ba shi har da madara. Na ɗauke shi a motata, amma kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa. Abin ya hana ni barci. Me ya kamata mu yi?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙansa, ya ba iyalansa haƙuri, kai kuma ya saka maka da alheri, domin ka tsaya a inda da yawa suke wucewa. Ba zan iya cewa da an yi kaza da ya rayu ba, tunda babbar jijiyar cinya idan ta yanke tana iya zubar da jinin da zai kashe mutum cikin 'yan mintoci, kuma mai hatsarin babur yakan sami wani rauni a ciki ko a kai wanda ba a gani. Amma tunda kana kan hanyar nan kullum, ga abin da nake so ya zauna maka.

Jinin babban mutum kamar lita 5 ne, kuma zuciya tana kewaya da shi duka cikin minti ɗaya. Jinin da ke tsartuwa, ja wur, yana bin bugun zuciya, daga jijiyar da ta fito daga zuciya yake, kuma shi ne abin farko da za a tsayar kafin a duba komai. A sami ƙyalle mafi tsabta da ke kusa, rawani ko ɗankwali ko riga, a cusa shi cikin raunin, a danne da tafin hannu biyu da nauyin jiki, a riƙe aƙalla minti 10 ba tare da ɗagawa don a leƙa ba. Idan ƙyallen ya jiƙe a ƙara wani a kansa, kada a cire na farko, domin cirewa tana ɓalle gudan jinin da ya fara toshe wurin. Idan akwai leda a sa a hannu don kare kai. Ƙasa da toka da man birki ba sa tsayar da irin wannan jini, ƙwayoyin cuta suke shigarwa, har da na tetanus. Idan kuma ƙarfe ko itace ya soke ya tsaya a jiki, a bar shi a inda yake, a danne gefensa.

Idan dannewa ta kasa, kuma raunin a hannu yake ko a ƙafa, sai a yi ɗauri. Ana yin sa da ƙyalle mai faɗin yatsu uku, a sama da raunin ta wajen gangar jiki da kamar santimita 5 zuwa 7, ba a kan gwiwa ba. A ƙulla, a sa sanda ko sifana a kan ƙullin, a sake ƙullawa, a murɗa har jini ya daina fita, sannan a ɗaure sandar don kada ta warware. Yana da zafi ƙwarai, kuma mai raunin zai roƙi a sassauta, amma kada a sassauta sai a gaban likita. A duba agogo a riƙe lokacin da aka ɗaura, a faɗa da an isa. Igiyar roba ko waya tana yanka nama, kuma sau da yawa jijiyoyin da ke mayar da jini kawai take matsewa ta bar mai kawo shi a buɗe, sai zubar ta ƙaru.

Ƙishirwar da ya yi ta kuka da ita alama ce ta jinin da ya ragu. Na san yadda hana mai roƙon ruwa yake da nauyi a zuciya, amma ruwa ko madara ba sa komawa jini a wannan hali, kuma idan ya suma ko aka sa masa maganin barci don tiyata yana iya yin amai ya shaƙe. A jiƙa masa leɓe kawai. A kwantar da shi a miƙe, a rufe shi da bargo ko babbar riga ko da rana ake yi, domin jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa yadda ya kamata. Wajen ɗauka, mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya su daidaita da gangar jiki, a ɗora shi a kan katako ko ƙyaure idan akwai, kada a naɗe shi a kujera. Idan ya suma amma yana numfashi, a juya shi gefe gaba ɗaya kamar gungume don kada harshe ko amai su toshe maƙogwaro. Idan numfashi ya tsaya, a danna tsakiyar ƙirji da zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, saboda ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu jini.

A kira 112, lambar gaggawa ta ƙasa, amma kada a tsaya jira idan akwai mota a wurin. Ka kuma sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, kuma dokar 2017 ta wajabta a kula da wanda aka harba da bindiga ba tare da an jira takardar 'yan sanda ba. Idan an sami danginsa a waya, a ce su taho da masu iya ba da jini, domin ƙarin ruwa yana riƙe mutum na ɗan lokaci ne kawai, ba ya ɗaukar oksijin.

Tambaya: Likita, ina gaisuwa daga Ƙofar Ƙaura. An auna maigidana an ce yana da hawan jini. Ya sha magani wata biyu ya ji sauƙi ya daina, yanzu ya ce jini ne ya yi masa yawa, zai kira wanzami a yi masa ƙaho a rage. Shin hakan zai wadatar?

Amsa: Hajiya, ina amsawa, Allah ya ba maigida lafiya. Sunan ciwon ne yake sa mutane su ɗauka yawan jini ne, alhali jinin mai hawan jini bai fi na kowa yawa ba. Mai noman rani ya san cewa idan ya matse bakin tiyo ruwan yana fita da ƙarfi, injin kuma yana shan wahala, ko da yake ruwan bai ƙaru ba. Ƙananan jijiyoyi ne suke matsewa, manyan kuma suna sandarewa da shekaru, sai zuciya ta riƙa turawa da ƙarfin da ya wuce ƙima. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku daban-daban, ana kiran sa hawan jini. Da tafiya ta yi nisa bangon zuciya na hagu yakan yi kauri har ya gaji, matatar ƙoda ta lalace, ko wata jijiya a ƙwaƙwalwa ta fashe ko ta toshe, a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki.

Ɗan jinin da ƙaho yake fitarwa jiki yana mayar da shi, kuma bai taɓa matsewar jijiyoyin ba. Wanda yake yin ƙaho don wata buƙata tasa, da sabuwar aska, wannan dabam ne, amma ba ya maye gurbin magani. Sauƙin da maigida ya ji aikin maganin ne, kuma yawancin masu ciwon ba sa jin komai a jikinsu ko da awo ya hau. Ki lallashe shi ya koma a sake aunawa a wannan mako. Ke kuma tukunya a hannunki take: gishirin da ake so babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa duk suna cikin lissafin. Idan kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ki kai shi asibiti nan take, kada a ba shi asfirin a gida, domin sai hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ko toshewa ce ko fashewa.

Tambaya: Likita, ni dattijo ne a Daura. Ɗana yana ajin ƙarshe na sakandare, ya ce likita yake so ya zama. Shekara nawa ake yi, kuma da gaske ne ana yanka gawa?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, ya cika wa yaro burinsa. Zai buƙaci kiredit a Turanci da lissafi da bayoloji da kimistiri da fizis, sannan ya ci jarrabawar shiga jami'a da maki mai yawa, domin masu nema sun fi gurbi. Karatun shekara 6 ne: ta farko kimiyya, ta biyu da ta uku sanin ƙirar jiki da yadda yake aiki, sauran kuma a gefen gadon marasa lafiya. Bayan nan akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a sassan manya da yara da tiyata da haihuwa, sai shekarar hidimar ƙasa. Wanda yake son ƙwarewa a fanni ɗaya zai ƙara wasu shekaru 5 ko 6. Jami'o'in Ahmadu Bello a Zariya da Bayero a Kano da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato sun daɗe suna yaye likitoci, kuma Katsina tana da Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda mutane suka fi sani da tsohon sunansa na Medikal Santa.

Maganar gawa gaskiya ce, a aji biyu da uku ake yi, a ƙarƙashin kulawar malamai. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na Makka a 1987, ta halatta hakan don koyar da likitanci bisa sharuɗɗa, daga ciki har da tsayawa a kan gwargwadon buƙata da binne dukkan sassan bayan an gama. Kuna iya zama da malamin da kuka amince da shi ya ƙara muku bayani. Kafin ku biya kuɗin kowace makaranta, a gida ko a waje, ku tabbatar Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ta amince da ita, domin hukumar ce take ba da lasisin aiki, kuma wanda ya yi karatu a ƙasar waje sai ya ci jarrabawarta kafin a yi masa rajista.